ROBA DA ZAFI: KOWACE ROBA DA IYAKARTA

Jawabin wannan wata, don karantawa a ajin manya da wuraren taron manoma



Jawabin wannan wata a kan roba ne. Ba gidan da za a shiga yau, a birni ko a ƙauye, a rasa kayan roba. Bokiti, buta, jarka, baho, kofi, faranti, kujera, tiyo, bututun ruwa da leda, duk roba ne. A da, ƙwarya da tulu da randa da akushi ake amfani da su. Kowa ya san halinsu tun yana yaro. Ba wanda zai ɗora ƙwarya a kan murhu. Amma roba baƙuwa ce. Ta shigo gida, an karɓe ta hannu biyu, ba a tsaya an san halinta ba.

Ga misali. A ce mai sayar da kunu ta ɗura shi da zafinsa a gorar roba. Kafin ta juya, gorar ta tsuke, ta lanƙwashe, kunun ya zubo mata a hannu. Ko kuma a ce manomin rani ya ci bashi ya sayi bututu, ya shimfiɗa shi a fili. Ana cikin watan Afrilu sai bututun ya fashe, daidai lokacin da shuka ke matuƙar bukatar ruwa. Dukansu biyu za su ce jabu aka sayar musu. Wani lokaci gaskiya ne, akwai jabu a kasuwa. Amma sau da yawa kayan ba su da laifi. An dai ɗora musu zafin da ya fi ƙarfinsu ne.

Kamfanin da ya yi kaya masu kyau yakan rubuta iyakar zafin da kayan za su iya ɗauka. Yakan rubuta a gindin kayan, ko a jikinsu, ko a kwali, ko a takardar da ta zo da su. Wanda ya iya karanta wannan lamba, ya kuma gane abin da take nufi, ya tsare kuɗinsa da lafiyar iyalinsa.

YADDA AKE AUNA ZAFI

Ana auna hatsi da mudu, ana auna yadi da kamu ko mita. Zafi kuma ana auna shi da digiri. Alamar digiri ita ce ɗan sifili a saman lamba, da harafin C a gefensa, kamar haka: 60°C. Ana karanta shi digiri 60.

Don a gane girman lambobin, ga waɗansu abubuwa da kowa ya sani:

Ruwa yana daskarewa ya zama ƙanƙara a digiri 0.
Jikin mutum mai lafiya yana kan digiri 37.
Zafin bazara a Sakkwato ko Maiduguri yakan wuce digiri 40 a inuwa.
Ruwa yana tafasa a digiri 100.
Man da ake toya ƙosai yakan kai digiri 170 zuwa 190.

A lura da abu ɗaya. Ma'aunin zafi iri biyu ne. Akwai mai harafin C, wanda ake bi a Nijeriya da Nijar da yawancin ƙasashen duniya. Akwai kuma mai harafin F, wanda ake bi a Amurka. Lambobin F sun fi girma, amma ba su fi zafi ba. Tafasar ruwa 100 ce a C, amma 212 ce a F. Saboda haka, in aka ga 140°F a jikin kaya, kada a ce ai ya fi ƙarfin tafasasshen ruwa. Ga lissafin: a cire 32 daga 140, saura 108. A ninka sau 5, ya zama 540. A raba gida 9, ya zama 60. Ke nan 140°F daidai yake da 60°C kawai. Tafasasshen ruwa zai lalata wannan kaya.

ROBA BA IRI ƊAYA BA CE

Yawancin roba daga man fetur da iskar gas ake yin ta. A ido duk kamarsu ɗaya, amma halinsu daban. Gida biyu ne manya.

Gida na farko shi ne robar da ba ta narkewa in ta riga ta daskare. In wuta ta yi mata yawa sai dai ta ƙone, ta yi baƙi, ta tsage. Wani masani mai suna Leo Baekeland ne ya ƙirƙiro irinta ta farko a Amurka a shekarar 1907. Da irinta ake yin baƙin mariƙin tukunya da wasu makunnan lantarki. Farantan nan masu tauri da ƙyalli da ake kira melamin su ma 'yan wannan gida ne.

Gida na biyu shi ne robar da ke laushi in ta ji zafi, ta narke, ta sake daskarewa in ta huce. Yawancin kayan gida daga nan suke. A shekarar 1988 masu masana'antar roba a Amurka suka fito da lambobi daga 1 zuwa 7 don a rarrabe su. In aka kifa bokiti ko gora, sau da yawa za a ga alama mai kusurwa uku da lamba a tsakiyarta. Wannan lamba ba digiri ba ce. Sunan irin robar ce. Ga bayaninsu:

Lamba 1, ana rubuta PET. Ita ce gorar ruwan sha da ta lemo. Tana fara saki tun wajen digiri 70.

Lamba 2, ana rubuta HDPE. Ita ce jarka da wasu bokitai da baƙin bututu. Tana narkewa wajen digiri 130.

Lamba 3, ana rubuta PVC. Ita ce bututun famfo fari ko ruwan toka, da rigar wayar lantarki. Iyakar aikin bututunta digiri 60.

Lamba 4, ana rubuta LDPE. Ita ce leda mai laushi da ledar ruwan sha. Tana narkewa wajen digiri 110.

Lamba 5, ana rubuta PP. Ita ce yawancin kofuna da mazuban abinci da kujeru. Tana narkewa wajen digiri 165. A cikin robobin gida ita ta fi jure ruwan zafi.

Lamba 6, ana rubuta PS. Ita ce farin mazubin abinci marar nauyi mai kama da soso, da ƙananan cokula masu saurin karyewa. Tana saki kafin ta kai digiri 100.

Lamba 7 kuwa taron dangi ce. Duk robar da ba ta shiga shidan nan ba, nan ake sa ta. Sai an karanta abin da kamfani ya rubuta kafin a san halinta.

DARASIN MAN KAƊE

Yanzu aka zo kan muhimmiyar magana. Mutane da yawa suna tsammani in roba ba ta narke ba, to lafiya lau take. Wannan kuskure ne.

A dubi man kaɗe. Da hunturu yana da tauri, sai an sa ƙarfi a ɗebo shi. Da bazara yakan yi laushi, yatsa ma sai ya nutse a ciki, amma bai zama ruwa ba tukuna. Sai zafi ya ƙaru sa'an nan ya narke. Tsakanin tauri da narkewa akwai tafiya mai nisa. Haka roba take. Tun kafin ta narke ƙarfinta ya daɗe da tafiya.

Gorar ruwa mai lamba 1 ita ce babbar shaida. Ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 250. Amma ruwan da bai ma tafasa ba yana yamutsa ta. Dalili shi ne, a masana'anta wani ɗan ƙaramin bututu ne mai kauri ake ɗumamawa, a hura masa iska har ya buɗe ya zama gora. In gorar ta sake jin zafi sama da digiri 70, sai ta nemi komawa yadda take da farko. Abin da ya sami gorar mai kunu ke nan.

Saboda haka, a takardar kamfani ana iya ganin lambobi har uku a kan roba guda:

Ta farko, zafin da robar ke narkewa. Wannan ita ce babba. Amfaninta ga mai masana'anta ne, wanda zai narkar da robar ya zuba a mazubi. Ba ta da amfani ga mai saye.

Ta biyu, zafin da robar ke fara lanƙwasa in an ɗora mata nauyi. Wannan ta fi ta farko ƙanƙanta.

Ta uku, zafin da robar za ta iya zama a ciki kullum, shekara da shekaru, ba ta lalace ba. Wannan ita ce lambar mai saye. Ita ce ya kamata a nema.

Mai talla yakan so ya faɗi babbar lamba, domin ita ke jawo ciniki. Mai saye mai wayo sai ya tambaya: wannan lamba ta narkewa ce, ko ta aikin kullum?

YADDA KAMFANI KE SAMO LAMBAR

Ba da ka ake rubuta lambobin nan ba. Gwaji ake yi a ɗakin bincike.

Don samo lamba ta biyu, ana yanko ɗan sandan roba kamar tsawon yatsa. A ɗora bakinsa biyu a kan madogari, a danna tsakiyarsa da nauyi, a tsoma shi cikin mai. Sai a riƙa ƙara wa man zafi, digiri 2 a kowane minti. Da sandan ya ɗan lanƙwasa, ƙasa da rabin milimita, sai a duba ma'auni a rubuta.

A nan akwai abin lura biyu. Na ɗaya, nauyin da ake ɗorawa iri biyu ne, ƙarami da babba, babban ya ninka ƙaramin sau 4. Roba mai lamba 5 takan kai kusan digiri 100 a ƙarƙashin ƙaramin nauyi. Amma in aka ɗora mata babban, tun wajen digiri 55 zuwa 60 take lanƙwasawa. Roba ɗaya, lamba biyu. Na biyu, gwajin gajere ne, sau da yawa bai kai awa ɗaya ba. Bai faɗi abin da zai faru bayan shekara ba.

Don samo lamba ta uku kuwa, ana ajiye robar a ɗaki mai zafi wata da watanni, ana fito da ita ana gwada ƙarfinta. A wani gwaji da aka saba yi wa robar kayan lantarki, ana neman zafin da zai rage mata rabin ƙarfinta bayan awa 20,000, wato sama da shekara 2.

Duk waɗannan gwaje-gwaje a kan sabuwar roba ake yin su, a ɗaki mai tsabta, ba rana, ba ƙura. Gona da tsakar gida ba haka suke ba. Akwai abubuwa huɗu da ke rage iyakar da aka rubuta.

ABU NA ƊAYA: TSAWON LOKACI

Mutum yana iya taɓa tukunya mai zafi ya janye hannu bai ƙone ba. Amma ba ya iya riƙe ta. Haka roba. Zafin da za ta jure na minti 5 daban yake da wanda za ta jure na shekara 5. Koren bututun ruwan zafi da ake rubuta wa PPR misali ne. Yana aiki shekaru a digiri 70. Yana kuma iya ɗaukar digiri 95, amma na ɗan lokaci kawai.

Masu aikin lantarki suna da wata ƙa'ida ta kimantawa. Duk ƙarin digiri 10 a kan iyaka yana rage wajen rabin kwanan robar da ke rufe waya. Wato wadda za ta yi shekara 20 sai ta yi 10. In aka sake ƙara digiri 10, sai ta yi 5. Ba a ganin ɓarnar a ranar farko. A hankali take cin kayan, kamar gara a cikin azara.

ABU NA BIYU: NAUYI DA MATSI

Jakin da ba kaya a bayansa yana iya tafiya cikin rana. Wanda aka labta wa buhu uku, nan da nan zai durƙushe. Bokitin da ke ajiye a ƙasa da ruwan zafi yana iya zama daidai. Amma da an ɗaga shi, nauyin ruwan ya koma kan kunnuwan da mariƙi ya shiga, waɗanda zafi ya riga ya sa suka yi laushi. Nan ne suke yagewa, ruwan ya kwararo a ƙafa, ko a kan yaron da ke kusa. Shi ya sa ya fi kyau a fara zuba ruwan sanyi a bokiti, sa'an nan a surka da na zafi.

Manoman rani su saurara da kyau a nan. A jikin bututu akan rubuta PN da lamba, kamar PN 6 ko PN 10. Wannan shi ne ƙarfin matsin ruwan da bututun zai iya ɗauka. Kowane 1 daidai yake da matsin ruwan da ya sauko daga tanki mai tsawon mita 10. Amma an ƙayyade lambar ne a kan ruwa mai digiri 20, wato ruwa mai sanyi. A wannan sanyi ne aka yi lissafin bututun zai yi shekara 50.

In zafi ya ƙaru, ƙarfin yana raguwa. Jadawalin da masu yin bututun PVC a Amurka ke bugawa ya nuna haka:

A digiri 23, cikakken ƙarfi.
A digiri 38, saura kashi 62 cikin 100.
A digiri 49, saura kashi 40 cikin 100.
A digiri 60, saura kashi 22 cikin 100.

Ke nan bututun da aka rubuta wa 10, in ya kai digiri 38 ya koma kamar 6. In ya kai 49 ya koma 4. Rubutun jikinsa bai canza ba, amma ƙarfinsa ya canza. A yi tunanin bututun da ya wuni a rana da ruwa tsaye a cikinsa, sai da la'asar a tayar da injin ban ruwa da ƙarfi, bakin bututun kuma a rufe. Abin da ya fasa bututun manomin can ke nan.

Maganin abin ba wuya. A binne bututu a ƙasa, ko a rufe shi da ciyawa ko kara. A buɗe bakinsa kafin a tayar da inji, ruwan zafin ya fita. In dole bututun ya zauna a fili, a sayi mai lambar da ta fi wadda ake bukata.

Har ila yau, zafi yana sa bututu ya miƙe, sanyi ya sa ya takure. Bututun PVC mai tsawon mita 100 yana iya ƙaruwa da wajen santimita 20 in zafi ya ƙaru da digiri 30. Baƙin bututu ya ma fi haka. Don haka kada a ja shi ya miƙe sak a cikin rami. A bar shi ya ɗan yi tafiyar maciji, a kuma rufe ramin da sanyin safiya. In ba haka ba, mahaɗarsa za ta saki.

Wayar lantarki ma haka take. Robar PVC da ke rufe yawancin wayar gida iyakarta digiri 70. An yi lissafin wutar da waya za ta ɗauka ne a wurin da zafinsa digiri 30 ne. In wurin ya kai digiri 50, kamar ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana, kimanin kashi 70 cikin 100 kawai za ta iya ɗauka. In aka jona hita ko dutsen guga a kan siririyar waya, robar za ta yi zafi, ta bushe, ta tsattsage. Daga nan sai waya ta taɓa waya. Gobara da yawa daga nan take tashi. Wayar da aka taɓa aka ji ta yi zafi, ko tana warin ƙuna, a kashe wuta a kira mai gyara.

ABU NA UKU: RANA

Zafin da ake faɗa a rediyo na inuwa ne. Abin da ke cikin rana ya fi haka nesa ba kusa ba. Baƙin abu a rana yana iya wuce digiri 60. Haka cikin motar da aka rufe aka bari a rana. Manoman da ke shanya wake tsakanin baƙar leda da fara don kashe ƙwari sun san wannan. Zafin da ke taruwa a ciki yakan wuce digiri 57, har ya kashe ƙwarin da ƙwansu.

Bayan zafi, hasken rana kansa yana cin roba. Shi ya sa kujerar da ta daɗe a waje launinta ke ƙoɗewa, jikinta ya yi gari kamar alli, ta yi gautsi. Rana ɗaya baƙo zai zauna, ƙafarta ta karye. Roba irin wannan ta riga ta tsufa, lambar da aka rubuta mata tana sabuwa ba ta aiki kuma. Masu yin baƙin bututu da baƙin tanki suna zuba wani baƙin gari a cikin robar don ya kāre ta daga hasken. Amma baƙi yana jan zafi. Saboda haka tanki ma yana son rumfa. Gidan sauro shi ma roba ne. A wanke shi da ruwan sanyi, a shanya a inuwa, a nisanta shi da fitila da kyandir.

ABU NA HUƊU: ABIN DA AKA ZUBA A CIKI

Ruwa ba ya wuce digiri 100 a buɗaɗɗiyar tukunya, komai yawan itacen da aka tura. Mai kuwa yana wucewa. An ce man toya ƙosai yakan kai 170 zuwa 190. Leda kuma tana narkewa wajen 110. Shi ya sa ƙosai ko awarar da aka tsamo daga kasko aka jefa a leda ke huda ta. Ko kofi mai lamba 5, da ke jure tafasasshen ruwa, ba ya jure tafasasshen mai. Mazubin da aka rubuta wa 100°C, ruwa ake nufi.

Akwai kuma ɓarnar da ido ba ya gani. A cikin roba akwai sinadarai da aka zuba don ta yi launi, ko laushi, ko ta daɗe. Bincike ya tabbatar cewa zafi da maiƙo da daɗewa suna ƙara yawan abin da ke fita daga roba ya shiga abinci. Abin da ke shiga a ci ɗaya kaɗan ne, ba ya kwantar da mutum nan take. Damuwar ita ce a yi ta ci kullum, musamman yara ƙanana da mata masu ciki.

Saboda irin wannan damuwa, ƙasashen Tarayyar Turai suka hana sayar da fidar jarirai mai wani sinadari da ake kira BPA a shekarar 2011. Jihar Legas kuma ta hana amfani da farin mazubin abinci mai kama da soso a watan Janairun 2024, musamman don yana toshe magudanan ruwa.

To me uwargida da mai sayar da abinci za su yi? Dafa alale a leda yana nufin ledar ta daɗe a digiri 100, dab da narkewarta, ga kuma mai a ciki. Ganye ko ƙananan kwanonin ƙarfe sun fi. Tuwo da koko masu zafi, kwano ko kula mai ƙarfe a ciki ya fi musu leda. In ba makawa sai leda, a bari abincin ya sha iska tukuna. A guji baƙar leda, domin sau da yawa daga tsofaffin robobi aka sake narko ta, ba a san abin da ke cikinta ba. Kunu da zoɓo, a bar su su huce sarai kafin a ɗura a gora. Farantin melamin na zuba abinci ne, ba na dafuwa ba ne. Kada kuma a hura wuta da leda ko guntun roba. Hayaƙinta yana cutar da ƙirji, yana kuma sauka a kan abinci.

SANYI MA YANA DA IYAKA

Wani lokaci za a ga lamba biyu a jere, kamar -20°C da 100°C. Ɗan layin da ke gaban 20 yana nufin ƙasa da sifili, wato sanyin da ya fi na ƙanƙara. Firiza takan kai digiri 18 ƙasa da sifili. Wasu robobi, musamman mai lamba 5, suna yin gautsi in sun daskare. In suka faɗi ƙasa sai su tsage. Masu sana'ar ƙanƙara su nemi mazubin da aka rubuta masa lambar sanyi, ko mai hoton ƙanƙara. Kada kuma a cika gora fal, domin ruwa yana kumbura in ya daskare.

IN AN JE KASUWA

A kifa kayan a duba gindinsu. A nemi lambar da ke cikin alama mai kusurwa uku. A nemi lambar digiri, a duba ko C ce ko F. Kalmar MAX tana nufin iyakar sama, MIN kuma iyakar ƙasa. Hoton kofi da cokali mai yatsu yana nufin an yi kayan don abinci. Jarkar da aka taɓa zuba wa maganin ƙwari ko fetur ba ta komawa ta abinci, komai wankin da aka yi mata.

A duba sunan kamfani. A Nijeriya, hukumar SON ce ke kula da ingancin kayan masana'antu, kuma kayan da ta amince da su sukan ɗauki tambarin NIS. Kayan da ba suna, ba lamba, ba tambari, ba wanda ya ɗauki alkawari a kansu. A yi amfani da su a kan abin sanyi kawai. Araha ba ta ado.

In an sami lambar, kada a kai kayan har bakinta. Mai hankali ba ya cika jaki da iyakar abin da zai iya ɗauka in tafiyar mai nisa ce. A bar rata, musamman da bazara. Robar da ta canza launi, ko ta lanƙwashe, ko ta yi gari, ko tana wari, ta gama aikin abinci. A mayar da ita wajen shara ko shuka.

A taƙaice, lambar da kamfani ya rubuta alkawari ne mai sharaɗi. Alkawarin yana nan muddin kayan sababbi ne, ba a rana suke ba, ba a cika musu nauyi ba, ba a kuma wuce lokacin da aka ƙayyade ba. In sharaɗi ɗaya ya karye, iyakar ta sauko.

AIKIN GIDA DA TAMBAYOYI

Kowane ɗalibi ya kifa kayan roba guda 5 a gidansa, ya rubuta lambobin da ya gani, ya kawo aji. Sa'an nan a amsa waɗannan:

1. A digiri nawa ruwa ke tafasa?
2. An rubuta 212°F a jikin kofi. Digiri nawa ke nan a ma'aunin C?
3. Me ya sa gorar ruwa ke tsukewa in an zuba mata kunu mai zafi?
4. Bututu mai lamba 10 ya kai digiri 49 a rana. Nawa ya rage na ƙarfinsa?
5. Faɗi abubuwa huɗu da ke rage iyakar zafin roba.

Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai ji ba. Sai wata mai zuwa. A huta lafiya.